Gargaɗin da ya bayyana a ido kafin zuciya ta gaza: nazarin lamarin wani dillalin albasa a Legas

Wanda abin ya shafa

Alhaji, kamar yadda za a kira shi a nan, dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Mutumin ƙasar Kabi ne, daga yankin da ake noman albasa a fadama. Ya zo Legas yana saurayi, ya fara da dako, har Allah Ya kai shi matsayin da shi ake sauke wa mota. A 2022, lokacin da wannan lamari ya faro, shekararsa 54, yana zaune a Ketu da mata ɗaya da 'ya'yanta, sauran iyali suna gida.

Yininsa tun kafin asuba yake farawa, domin manyan motocin Arewa cikin dare suke shigowa. Karin kumallo wajen mai shayi, abincin rana wajen mai shinkafa a bakin rumfa, da dare tsire ko balangu da yaji idan ciniki ya yi kyau. Ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga, goro ne dai ba ya rabuwa da shi. Mahaifinsa ya rasu da abin da dangi suka kira kumburi, ba a taɓa kai shi asibiti ba.

An taɓa gaya wa Alhaji jininsa ya hau, a 2018, wajen gwajin lafiyar maniyyata. Aka ba shi ƙwayoyin wata ɗaya, ya shanye, ya je Makka ya dawo lafiya, bai sake waiwayar maganar ba. Babu inda ke masa ciwo, saboda haka a ganinsa cutar ta wuce.

Oktoba 2022: ya je neman tabarau

Abin da ya kai shi asibitin ido ƙarami ne. Rubutun littafin bashi ya fara yi masa dishi-dishi, lambar waya sai ya miƙa hannu nesa kafin ya karanta, karatun bayan asuba kuma ya koma sai da Alƙur'ani mai manyan baƙi. Wannan tsufan ido ne da ke samun kusan kowa bayan shekara 40, tabarau ke gyara shi. Likitar da ta duba shi ba ta tsaya nan ba. Ta ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, aka jira kamar minti 20, sannan ta haska ciki ta duba tantanin da ke bangon bayan ido, wanda haske ke sauka a kansa, ana kiransa ratina.

Abin da ta rubuta shi ne: jijiyoyin da ke kai jini sun tsuke a idanun biyu. A wurare da dama inda jijiyar kai jini ta haye ta kan jijiyar dawo da jini, ta danne ta har ta yi siriri a daidai mahaɗar. A idon dama akwai ɗigon jini guda 3 da ya tsiyaya, da fararen tabo 2. Kan jijiyar gani bai kumbura ba. Ta sa aka auna jininsa nan take, aka sami 182/108. Aka bar shi ya huta, aka sake, 178/104. A asibiti, daga 140/90 ake cewa mutum yana da hawan jini.

Kowace alama a cikin waɗannan tana da abin da take faɗa. A idon mai lafiya, faɗin jijiyar kai jini kamar kashi biyu cikin uku ne na faɗin jijiyar dawo da jini. Idan jini ya daɗe yana dukan bangonta da ƙarfi, da farko sai ta tsuke don kare kanta, daga baya bangon ya yi kauri ya ƙandare. A inda jijiyoyin biyu suka giciya, lulluɓi ɗaya ne ya haɗe su, don haka mai taurin sai ta matse mai laushin. Wannan aikin shekaru ne, ba na wata ɗaya ko biyu ba. Ɗigon jinin kuwa yana nufin bangon wata 'yar jijiya ya kasa riƙewa, farin tabon kuma wurin da jini ya daina isa ne har zaren jijiyar gani ya kumbura. Su biyun nan sababbin alamu ne. Ke nan idon Alhaji ya nuna abu biyu a lokaci guda: cutar ta daɗe, kuma a yanzu tana kan ganiyarta.

Ratina ita ce wuri ɗaya a jikin ɗan'adam da ake iya kallon ƙananan jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka ba. Tun 1851, da wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya fito da fitilar duba cikin ido, likitoci ke karanta lafiyar jiki daga nan. A 1939 wasu likitoci uku a Amurka, Keith da Wagener da Barker, suka kasa ɓarnar da hawan jini ke yi wa ratina mataki huɗu. Alhaji yana mataki na uku. Na huɗu shi ne idan kan jijiyar gani ya kumbura, wanda a ranar ake kwantar da mutum.

Alaƙar wannan da zuciya an auna ta. A wani babban bincike na Amurka mai suna ARIC, an ɗauki hoton cikin idon mutum 11,612 masu matsakaitan shekaru da dattawa, aka bi su shekara 7. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa cikin waɗanda aka ga irin wannan ɗigon jini da tabo a idonsu, kashi 15.1 cikin 100 sun kamu da gazawar zuciya, alhali cikin masu tsaftataccen ido kashi 4.8 ne. Ko bayan an cire tasirin shekaru, hawan jini, ciwon suga da sauransu a lissafi, haɗarin ya ninka kusan sau biyu.

Likitar ta ce masa, da Turanci haɗe da buroka, idonsa tabarau kawai yake so, amma jininsa ya yi yawa, lallai ya ga likitan zuciya a makon. Ta rubuta takarda tana neman a yi masa gwajin bugun zuciya, gwajin ƙoda da na fitsari. Alhaji ya riƙe rabin farko na maganar. Ya zaɓi firam, ya biya, ya ninke takardar ya cusa a bayan littafin bashi.

Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen 2023: magani sai kai ya sara

Bai je ba. Dalilin da ya bayar daga baya shi ne, ganin likitan zuciya a babban asibiti yana nufin yankar kati, bin layi, a ba ka ranar dawowa, ka rasa yinin kasuwa biyu ko uku, a lokacin da albasa ke tsada kuma kowace mota sai da idon mai ita. Ga shi tabarau ya gyara abin da ya dame shi.

Sai ya nufi kemis ɗin da ya saba. Yaron kemis ya ɗaura masa na'ura a hannu, ya ba shi maganin hawan jini amlodifin mai miligiram 5, kati ɗaya mai ƙwaya 10. Ya sha, ya ji ciwon ƙeyar da ke kama shi da yamma ya lafa. Daga nan tsarin ya zama: in kai ya sara a sayi kati, in ya lafa a ajiye. Amlodifin magani ne mai kyau, musamman ga baƙar fata. Binciken CREOLE da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, aka buga a 2019, ya nuna haɗin magani biyu mai amlodifin a ciki ya fi wanda babu shi sauke jini. Amma haɗi ake magana, kuma kullum. Wanda jininsa ya haura 160/100, galibi da magani biyu ake fara masa.

A Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, kasuwa ta tsaya cak, albasa na ruɓewa a buhu, magani ne abu na farko da ya fita daga lissafi. Bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota daga Arewa ya tashi, farashin magunguna ma ya bi sahu da faɗuwar naira. Alhaji ya koma ga zoɓo mara suga, da tafarnuwa, da wani jiƙon saiwoyi da ake yawo da shi cikin kasuwa. Zoɓo yana ɗan sauke jini, an gwada an gani, amma 'yan maki kaɗan ne, ba zai dawo da 180 zuwa 130 ba.

Akwai kuma wani abu da babu wanda ya tambaye shi a kai sai da ya kwanta. Shekarun dako sun bar masa ciwon baya, yana shan daikulofenak kusan kullum, safe da yamma. Irin waɗannan magungunan ciwon jiki suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna kuma rage ƙarfin maganin hawan jini. Sau ɗaya aka auna shi a wannan shekara, a wani gwajin kyauta da aka yi a harabar masallaci: 174/102.

Disamba 2023 zuwa Afrilu 2024: haki, tari, takalmi ya matse

Alamar farko a gadar masu ƙafa da ke haye titin Ikorodu ta fito. Gadar da yake hayewa yana waya, yanzu sai ya tsaya a tsakiyar matakala ya dafa ƙarfe. Sai busasshen tari da dare, aka ce hunturu ne, aka sayi maganin tari. Da numfashi ya fara ƙara kamar fito, aka ce asma, aka sayi abin shaƙa. A Fabrairu ya je wani ƙaramin asibiti kusa da gida saboda kasala, aka ce zazzaɓin cizon sauro da taifot, aka yi masa ƙarin ruwa leda biyu. A daren bai runtsa ba. Ruwan da ake ƙarawa ruwan gishiri ne, kuma a jikinsa ruwa ya riga ya yi yawa.

Abin da ke faruwa a ƙirjinsa a wannan lokaci sananne ne. Ɗakin hagu na ƙasa a zuciya shi ke tura jini zuwa jiki duka. Idan ya shekara da shekaru yana turawa cikin tsukakkun jijiyoyi, namansa sai ya yi kauri, ya ƙandare, daga baya ya saki ya buɗe, ƙarfin matsawa ya ragu. Jinin da bai fita ba sai ya taru a baya, ruwa ya tsiyaya cikin huhu, sannan ƙafafu da ciki. Ƙoda kuma, ganin jinin da ke iso ta ya ragu, sai ta ƙara riƙe gishiri da ruwa, abin ya ƙara lalacewa.

Azumi ya kama a 11 ga Maris 2024. Alhaji ya kasa tsayuwar tarawihi. Abin da ya fi tayar masa da hankali sujada ce: da ya sa goshi a ƙasa, kafin ya gama tasbihi sai ya ji kansa ya cika, numfashi ya ɗauke, dole ya ɗago. Ya koma salla a kan kujera. Takalmi ya daina shiga da yamma, matarsa ta danna masa ƙauri da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Daga filo ɗaya ya koma uku, daga nan ya koma kwana a jingine da bango, yana farkawa tsakar dare ya buɗe taga yana neman iska. Wasu abokan kasuwa suka ce sammu ne. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi sadaka.

Ƙarshen Afrilu 2024: kwanciya ta farko

Kamar mako biyu bayan ƙaramar Salla, cikin dare, babban ɗansa ya kai shi sashen gaggawa na wani asibitin koyarwa, ba ya iya haɗa kalma uku ba tare da ya ja numfashi ba. Jini 168/102, bugun zuciya 112 a minti, iskar da ke cikin jini kashi 88, nauyi kilo 81 ga mutumin da ya saba da 72. Hoton ƙirji ya nuna zuciya ta faɗaɗa, ga ruwa a huhu. Gwajin bugun zuciya ya nuna kaurin ɗakin hagu. Gwajin jini ya nuna ƙoda ta fara taɓuwa, fitsari kuma yana ɗauke da furotin.

Hoton zuciya na sauti, wanda ake kira eko, shi ya tabbatar. Ana auna kason jinin da ɗakin hagu ke fitarwa a kowane bugu. Ga mai lafiya yana tsakanin kashi 50 zuwa 70. Kashi 40 zuwa ƙasa shi ne raunin famfo. Na Alhaji 30 ne.

A rana ta biyu ɗan ya ɗauko littafin bashi don a bi waɗanda ake bi a biya kuɗin asibiti, takardar likitar ido ta faɗo. Watanta 18 a ninke. Gwaje-gwaje ukun da ta nema su ne aka yi masa a daren da aka kawo shi. Likitan zuciya ya karanta, ya ɗauko fitila ya leƙa idon: ɗigon jinin ya ƙaru, yanzu har a hagu.

Siffar lamarin Alhaji ita ce aka fi gani a wannan nahiya. Binciken THESUS-HF, da aka buga a 2012, ya bi mutum 1,006 da aka kwantar da gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya. Matsakaicin shekarunsu 52, kuma hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin 100. A Turai da Amurka cutar ta fi kama 'yan shekara 70, kuma toshewar jijiyoyin zuciya ce kan gaba. Mu nan magidanta take kayarwa suna tsakiyar neman na kansu.

Aka sa masa iska, aka riƙa yi masa allurar Lasix, maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari. Bayan kwana 9 aka sallame shi da nauyin kilo 73, da magunguna huɗu: Lasix na ƙwaya, lisinofiril, sifironolakton, da kabedilol ɗan kaɗan.

Mayu zuwa Yuli 2024: koma baya

Mako uku ya yi yana sha daidai. Da ya koma kasuwa matsala ta taso. An ce ya sha Lasix da safe, safiya kuwa ita ce lokacin sauke kaya da ciniki. Mutum yana tsakiyar yanke farashi fitsari ya matso shi, bayan gida da nisa kuma sai an biya, ga riƙe alwala, ga cunkoson hanya idan ya shiga mota. Ya fara tsallakewa, ya bari sai ranar Lahadi. Sai kuma wani busasshen tari mai ƙaiƙayi a maƙogwaro ya dawo. Lisinofiril ke kawo shi ga wasu mutane, amma ba a gaya masa ba. Da ya ga tari, ya ɗauka maganin bai yi ba, ya rage sha.

Babbar Salla ta kama 16 ga Yuni. Ya tafi gida a mota, tafiyar fiye da yini a zaune, ya yi mako uku, ga soyayyen nama da gishiri da yaji. Magani ya ƙare a can, bai saya ba. A tsakiyar Yuli aka sake kwantar da shi da kilo 79 da jini 160/98. Kwana 6 ya yi.

Agusta 2024 zuwa gaba: abin da ya yi aiki

A wannan karo an haɗa shi da wata ma'aikaciyar jinya Bahaushiya, 'yar unguwar Idi-Araba da ke Legas, aka kuma tura shi a ɗauki hoton cikin idonsa. Ta zaunar da shi da ɗansa gaban kwamfuta, ta buɗe hoton idon dama kusa da na wani mai lafiya. Ta bi jijiya ɗaya da bakin biro har mahaɗar da aka danne.

"Baba, ka ga nan? Yadda ta tsuke a ido, haka take a ƙoda, haka take a ƙwaƙwalwa, haka take a naman zuciyar kansa. Nan ne kawai muke iya gani."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To 'yata, ina ruwan zuciya da wannan?"

Ta tambaye shi injin ban-ruwa na fadama, idan aka sa masa tiyon da ya yi masa kaɗan aka bar shi yana aiki dare da rana, me ke faruwa. Ya ce zai yi zafi ya ƙone. Bai sake tambayar dalilin shan magani ranar da kai bai sara ba.

Daga nan aka bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya, bisa yadda yininsa yake. Aka cire lisinofiril aka sa losatan, cikin makonni tarin ya tafi. Lasix aka mayar da shi bayan ƙarfe 11, idan an gama sauke kaya, ya kuma rage zaman kasuwa ya koma gida bayan azahar. Daikulofenak aka hana shi gaba ɗaya, da duk danginsa, ciwon baya aka koma farasitamol da gashi. Kabedilol aka riƙa ƙara shi sannu-sannu, ba a ninka ba sai an ga jiki ya ɗauka, domin shi maganin in aka yi gaggawa yakan ƙara haki kafin ya gyara. Kowane zuwa ana duba ƙoda da sinadarin fotasiyam, saboda losatan da sifironolakton duka suna ɗaga shi. A Nuwamba aka ƙara dafagilifulozin, maganin ciwon suga ne asali, amma tun 2019 aka tabbatar yana rage kwanciya da mutuwa ga masu raunin zuciya ko ba su da suga. Shi ya fi tsada a cikinsu.

Batun kuɗi ɗan ne ya warware shi. Daga la'adar kowace mota ana cire wani abu a tura asusunsa kafin a taɓa sauran, shi ke sayen maganin wata guda cif, ya kuma ƙara na mako biyu idan tafiya gida ta kama.

Gishiri ne ya fi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokali, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a magi, yajin tsire, burodi, taliyar leda da kanwa. Mutane da yawa ba su ɗauki kanwa a gishiri ba, alhali sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki yana cikinta maƙil. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan gazawar zuciya ga masu jego da kunun kanwa da zafin wankan jego. Matar Alhaji ta ware masa tukunya: babu magi, gishiri ɗan taɓawa, ɗanɗano ya koma kan daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da attaruhu. Makon farko ya ce abincin salam yake, ya ture. Wajen wata guda harshe ya saba. Yanzu da kula yake zuwa kasuwa.

Sai sikeli da na'urar awon jini da aka saya aka ajiye a ɗaki. Kullum bayan asuba, kafin ya ci komai, yana hawa sikeli, ya rubuta a shafin ƙarshe na littafin bashi. An ba shi ƙa'ida ɗaya: in nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, a kira asibiti. Sau biyu haka ta faru, sau biyun aka ƙara Lasix na 'yan kwanaki, ba a kai ga gado ba.

Da azumin 2025 ya matso, wanda ya fara 1 ga Maris, likita ya ce bana kada ya ɗauka, saboda ƙoda da magungunan fitsari. Abin ya yi masa nauyi ƙwarai. Sai da ya je wajen malaminsa ya tabbatar masa da rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya, sannan ya natsu ya ciyar.

Yuni 2025: inda aka tsaya

Jini 126/78. Nauyi tsakanin kilo 72 da 73. Ƙarfin fitar da jini ya tashi daga kashi 30 zuwa 43. Yana kwana da filo ɗaya, yana sujada, yana haye gada a hankali ba tare da tsayawa ba. Watansa 11 bai kwanta asibiti ba. Sabon hoton ido ya nuna ɗigon jini da fararen tabon duk sun ɓace, tsukewar jijiyoyi da dannewar mahaɗa kuwa suna nan, kuma ba a sa ran su tafi. Ƙoda ba ta koma daidai ba, amma ta daina lalacewa. Magani na har abada ne, kasuwa kuma rabin yini.

Hukunci

Ido bai jawo ciwon zuciyar ba. Cuta ɗaya ce ta ci su biyun, idon ne ya riga nunawa, da wata 14 kafin haki na farko, da wata 18 kafin gadon asibiti. A wannan tazara ce aka yi asarar da ta fi kowace, domin a lokacin zuciyar ba ta saki ba tukuna. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, aka buga a 2016, ya nuna duk maki 10 da aka sauke daga lambar sama ta hawan jini yana rage haɗarin gazawar zuciya da kusan kashi 28 cikin 100. Alhaji yana da maki 50 da za a sauke.

Likitar ido ta yi abin da da yawa ba sa yi: ta buɗe idon mai neman tabarau, ta auna jini, ta rubuta takarda daidai. Inda abin ya tsinke shi ne miƙawar. An ba mutumin da yake jin kansa garau takarda da Turanci, babu ranar da aka yanka masa, babu maganin da aka fara, babu wanda ya kira shi bayan mako ɗaya, ba a kuma nuna masa abin da aka gani ba. A ra'ayina, wanda aka samu da 182/108 da jini a ratina bai kamata ya fita ƙofar asibiti ba sai an fara masa magani ko an raka shi ɗakin likitan da zai fara. Nasa laifin ma yana nan, tun 2018 ya san da cutar. Amma duk wanda ya san yadda yinin ɗan kasuwar Mile 12 yake, ya san takarda kaɗai ba za ta ɗaga shi daga bakin mota ba.

Ƙarin ruwan Fabrairu da daikulofenak sun gaggauta faɗuwar, kuma su biyun da an tambayi tarihin hawan jini an danna ƙauri da yatsa, da an kauce musu. Kwanciya ta biyu kuwa ba kuskuren zaɓin magani ya jawo ta ba, magungunan daidai suke. Lokacin shansu ne bai dace da rayuwar mai shan ba, ba a kuma faɗa masa abin da zai iya biyo baya ba. Uku daga cikin manyan magungunan da suka tashe shi tsofaffi ne masu sauƙin kuɗi, akwai su a kemis tun ranar da ya je neman tabarau.

Ana ta ci gaba a wannan fanni. A 2018 masu bincike na Google suka nuna kwamfuta na iya hasashen shekarun mutum, hawan jininsa da ko yana shan taba daga hoton ratina kaɗai, kuma kyamarorin ɗaukar hoton suna ƙara ƙanƙanta. Zai yi amfani ranar da suka wadata a asibitocin ido na Legas, musamman don a juya allon a nuna wa mai idon. Sai dai lamarin Alhaji fitilar hannu da na'urar awon jini suka gano shi.

Bayan kwanciya ta biyu, ɗan ya matsa wa ƙannen Alhaji biyu da ke kasuwar suka je aka auna su. Ɗaya lafiya lau. Ɗayan, mai shekara 47, an sami 166/100, idonsa ya nuna tsukewar jijiyoyi ba tare da jini ko tabo ba, hoton zuciyarsa kuma ya nuna kauri ya fara amma ƙarfin famfo yana nan. A ranar aka fara masa magani biyu a ƙwaya ɗaya, yana auna jininsa da na'urar yayansa duk Juma'a.